Dajin Birnin Gwari: Ɗorewar Muhalli da Amanar da Ke Wuyan Ɗan Adam

Wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ya san manyan motocin da ke fitowa daga yamma maƙare da buhunan gawayi, icen girki da katako. Kowane buhu abinci ne ga iyalin wanda ya ƙona shi, kuma wuta ce a murhun wata uwa a cikin birni. Amma kowane buhu itace ne da ya yi shekaru yana girma kafin a sare shi cikin awa guda. Tambayar da wannan bayani zai duba ita ce: ta yaya mutane za su ci amfanin daji yau, su kuma bar wa jikokinsu dajin da za su ci amfaninsa? Wane hakki ne ƙasa, itatuwa da namun daji suke da shi a kanmu?

Mene ne ɗorewar muhalli?

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mu wanda rayuwarmu ta dogara a kai: ƙasa, ruwa, iska, tsirrai da dabbobi. Ɗorewar muhalli kuwa ita ce yin amfani da waɗannan abubuwa daidai gwargwadon yadda za su iya sabunta kansu. Manomi ya san wannan tun kafin masana su ba shi suna. Idan ya cinye hatsinsa duka har da iri, ya ƙoshi bana amma ba shi da abin shukawa baɗi.

Kalmar ta bazu a duniya bayan rahoton da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 1987, ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway. Rahoton ya nuna cewa ci gaba na gaskiya shi ne wanda yake biyan bukatun mutanen yanzu ba tare da ya tauye na masu zuwa ba. Taron Rio na ƙasar Brazil a 1992 ya ɗora a kan wannan, sa'an nan a 2015 ƙasashen duniya suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17. Na 15 a cikinsu ya shafi dazuzzuka, ƙasar noma da halittun da ke kan tudu.

A Nijeriya, sharar guba da aka jibge a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu a 1988 ita ce ta farkar da gwamnati har ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. An kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli a 2007, an kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021.

Lissafin ɗorewa mai sauƙi ne. A ce wani yanki na daji yana bukatar shekara 20 kafin itatuwan da aka sare su dawo. Idan aka raba shi kashi 20 ana saran kashi ɗaya kowace shekara, ba zai taɓa ƙarewa ba. Idan ana saran kashi huɗu a shekara, cikin shekara biyar an gama da shi, sai a zauna shekara 15 babu kome. Wahalar ba ta cikin lissafin. Tana cikin wanda zai yarda ya jira, da wanda zai hana wani ya riga shi.

Birnin Gwari da dajinta

Birnin Gwari ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja, Zamfara da Katsina. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutane sama da 250,000. Garin yana nesa da Kaduna da kimanin kilomita 120, a mahaɗar hanyar da ta gangara kudu ta Tegina da wadda ta nufi Funtuwa. Masarauta ce mai sarki, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu. Hausawa, Fulani, Kamukawa da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, sun daɗe suna zaune a wannan ƙasa, suna noman masara, dawa, shinkafa da wake, suna kiwo, farauta da kiwon zuma.

Zuciyar dajin ita ce Gandun Daji na Ƙasa na Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. An keɓe shi a 1936 a matsayin gandun daji na En'e, sa'an nan a watan Mayun 1999 aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ta arewa maso yamma yana haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, Kogin Mariga ne ya raba su. Mariga yana zuba a Kogin Kaduna, shi kuma ya zuba a Kwara.

Itacen da ya fi yawa a dajin shi ne doka, tare da baushe, taura, maje, kirya, ɗorawa, tafashiya da namijin kaɗe. A bakin rafuka akwai kurmi mai duhu har da kwakwar manja. Akwai duwatsu irin su Goron Dutse da Tsaunin Rema, da ruwan da ke gangarowa daga dutse a Dogon Ruwa. Dabbobin da aka rubuta a gandun sun haɗa da giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, gwaggon biri da jan biri. An ƙirga nau'in tsuntsaye 177, cikinsu har da burtu, shi ya sa ƙungiyar BirdLife ta sa Kamuku cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye.

Aikin da daji yake yi wa mutane

Abu na farko shi ne ruwa. Ganyen itace yana rage ƙarfin ruwan sama kafin ya bugi ƙasa, saiwoyi da busasshen ganye kuma suna sa ruwan ya nitse maimakon ya kwarara. Ruwan da ya nitse shi ne yake fitowa a rijiya da fadama da rani. Inda aka share itatuwa, ruwan yakan gudu lokaci ɗaya, ya kwashe ƙasa mai taki, ya haƙa kwazazzabo, ya cika madatsun ruwa da yashi. Madatsar Bagoma da ke ba garin Birnin Gwari ruwa ta dogara ne ga lafiyar ƙasar da ke samanta.

Na biyu shi ne abinci da magani. Daga ɗorawa ake samun kalwa da daddawa, daga kaɗanya man kaɗe, ga taura, ɗinya da tsada. Mafi yawan wannan sana'a a hannun mata take, kuma da kuɗinta ake sayen cefane da littattafan yara. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma idan ta fara takan ciyar da tsara bayan tsara. Wanda ya mai da ita gawayi ya sayar da abincin shekaru masu yawa a kan kuɗin kwana biyu.

Na uku shi ne abin da ido ba ya gani. Ƙudan zuma da ke zaune a daji su ne suke ɗaukar garin fure daga shuka zuwa shuka, abin da ke ƙara yabanya. Tsuntsaye suna cin ƙwarin gona. Itatuwa suna riƙe iskar kabon wadda yawanta a sama ke ƙara zafin duniya. Makiyayi kuma yana samun ciyawa da ganye sa'ad da gonaki suka cika ko'ina.

Abubuwan da ke cin dajin

Gawayi da icen girki. Yawancin gidaje a arewacin Nijeriya da ice ko gawayi suke girki, kuma duk lokacin da kananzir ko gas ya yi tsada, sai nauyin ya koma kan daji. A hanyar gargajiya ta binne ice da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na ice kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Masu saye sun fi son gawayin itatuwa masu tauri kamar kirya da kaɗanya, su ne kuwa masu jinkirin girma.

Katako. Injin sare itace ya sa aikin da gatari ke yi a mako ya koma na yini. Labarin madobiya gargaɗi ne. Kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin ta sa aka yi ta sare ta a Afirka ta Yamma, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke kayyade cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

Faɗaɗa gonaki. Jama'a na ƙaruwa, tsohuwar gona na gajiya, taki na tsada. Mafita mafi sauƙi ita ce sabon saran daji. Dā ana barin gona ta huta shekaru ta zama saura. Yanzu hutun ya gajarta ko ya ƙare.

Wutar daji. Mafarauta, makiyaya da masu neman zuma duk suna sa wuta. Masana gandun daji sun bambanta wuta iri biyu. Wadda aka sa da kaka, ciyawa da sauran danshi, takan wuce da sauƙi. Wadda aka sa a tsakiyar bazara takan kashe ƙananan itatuwa, ta ƙone sheƙar tsuntsaye, ta bar ƙasa tsirara daf da ruwan farko.

Haƙar zinariya. Ƙasar Birnin Gwari tana da zinariya, kuma matasa da yawa suna haƙa da hannu. Ramukan da aka bari a buɗe da wankin ƙasa a rafi suna lalata gona da ruwa. Zaiba da ake kama zinariya da ita guba ce ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita. Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana wata gubar: a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Rashin tsaro. Fiye da shekara goma dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan bindiga masu garkuwa da mutane. An kai hari Dogon Dawa a watan Oktoban 2012, an kashe mutane da dama a Gwaska a watan Mayun 2018, ƙauyuka da yawa suka watse. Masu gadin daji da masu bincike sun kasa shiga sassa da dama. A 2021 gwamnatin jiha, saboda dalilan tsaro, ta hana sare itatuwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta kuma hana jigilar ice da gawayi. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan wani sulhu, ya sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Zaman lafiya alheri ne, amma hanyar da ta buɗe wa manomi ita ce ta buɗe wa mai injin sare itace. Saboda haka lokacin da tsaro ya dawo shi ne lokacin da ya fi kamata a tsara yadda za a yi da dajin.

Ɗa'ar muhalli: manyan ra'ayoyi

Kimiyya tana iya gaya mana yawan itacen da ya rage da saurin da yake ƙarewa. Ba za ta gaya mana ko daidai ne mu ƙarar da shi ba. Wannan aikin ilimin ɗa'a ne, wato nazarin abin da ya kamata da abin da bai kamata ba. Masana sun kasu kamar haka.

Wasu suna sa mutum a tsakiya. A ganinsu darajar daji tana cikin amfanin da yake yi wa mutane, na yanzu da masu zuwa. Wannan ra'ayi yana kare ɗorawa da kaɗanya, amma ba shi da amsa mai ƙarfi game da halittar da babu mai cin ta ko sayar da ita.

Wasu suna cewa kowane mai rai yana da daraja a kan kansa, ko yana da amfani gare mu ko babu. Wasu kuma, bin sawun Aldo Leopold, masanin gandun daji na Amurka wanda littafinsa ya fito a 1949, suna duban ƙasa, ruwa, tsirrai da dabbobi a matsayin al'umma guda wadda mutum ɗan cikinta ne. Haɗarin waɗannan ra'ayoyi shi ne a kare daji a manta da talakan da ke bakinsa.

Ra'ayi na huɗu shi ne riƙon amana: duniya tana da Mai ita, mutum wakili ne da zai ba da lissafi. Wannan ne ya fi kusa da tunanin mutanen ƙasarmu. Musulmi suna koyar da cewa mutum halifa ne a bayan ƙasa, kuma dasa itacen da mutum ko tsuntsu zai ci sadaka ce. Gbagyi da Kamukawa na dā suna da duwatsu da kurmin da ba a taɓa su. A ƙasar Hausa sarkin dawa da sarkin ruwa su ne suke faɗin lokacin farauta da su. Ko Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 cewa ta yi ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana domin jama'a.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

A 1967 wani masanin tarihi, Lynn White, ya zargi Kiristancin ƙasashen yamma da haddasa lalacewar muhalli, domin a ganinsa koyarwar cewa an ba mutum mulki a kan halitta ta ba shi lasisin yin yadda ya ga dama. Dole mu yarda cewa akwai masu bi da suka fahimci Farawa 1:28 haka. Amma idan aka karanta Nassi gaba ɗaya, za a ga wani abu dabam.

Da farko, duniya ta Ubangiji ce (Zabura 24:1), kuma an gaya wa Isra'ilawa cewa su baƙi ne a ƙasar da suke nomawa (Littafin Firistoci 25:23). Na biyu, Allah ya ga halittarsa tana da kyau tun kafin a yi mutum, wato darajarta ba daga kasuwarmu take ba. Surori 38 da 39 na littafin Ayuba sun nuna Allah yana kula da namun jeji da ruwan sama a wuraren da babu kowa. Na uku, aikin da aka ba Adamu a gonar Aidan kashi biyu ne, nomawa da kiyayewa (Farawa 2:15). Mulkin da aka ba wanda aka yi cikin kamannin Allah dole ya yi kama da na Allah, mulkin makiyayi mai kula da garkensa. Alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tsufana ma ya haɗa da kowane mai rai (Farawa 9).

Shari'ar Musa ta sauko da wannan cikin rayuwar yau da kullum. An umarta a bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai domin matalauta da namun jeji su ci abin da ya tsiro (Fitowa 23:10-11). Wanda ya sami sheƙar tsuntsu zai iya ɗaukar 'ya'yan amma ya saki uwar (Maimaitawar Shari'a 22:6-7), wannan kuwa ita ce dokar ɗorewa a taƙaice. Ko a lokacin yaƙi an hana sare itatuwa masu ba da 'ya'ya (Maimaitawar Shari'a 20:19-20). Annabi Yusha'u ya haɗa ƙarya, sata da zub da jini da bushewar ƙasa da ƙarewar dabbobi, tsuntsaye da kifaye (Yusha'u 4:1-3). Duk wanda ya san abin da ya faru a Birnin Gwari ba ya bukatar a fassara masa wannan. A Sabon Alkawari, Bulus ya nuna halitta tana nishi tana jiran 'yanci (Romawa 8:19-22), kuma dukan abubuwa ta wurin Almasihu aka yi su, dominsa kuma (Kolosiyawa 1:16).

Ikilisiyoyi a duniya sun komo kan wannan koyarwa. Taron Lausanne na birnin Cape Town a 2010 ya bayyana kula da halitta a matsayin abin da ya shafi bishara, Fafaroma Francis kuma ya rubuta wasiƙa ta musamman a kan batun a 2015.

Tambayoyi uku masu wuya

Shin mai ƙona gawayi mai laifi ne? Mutumin da aka kore shi daga gonarsa, ba shi da abin ba yaransa, ba za a fara da yi masa wa'azin itace ba. Buhun da ya sayar da arha a bakin hanya ya bi ta hannun dillali, mai mota da mai karɓar na goro a shinge kafin ya iso murhunmu. Laifin a rabe yake, kuma rabo mafi girma yana kan wanda yake da zaɓi. Dokar hana gawayi da ba ta zo da wata hanyar girki da wata sana'a ba, talaka kawai take hukuntawa.

Shin a share dajin domin a kori 'yan bindiga? A farkon 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya yi kira a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai, a sake dasa itatuwa daga baya. Wanda aka kashe masa ɗa ko aka sace masa mata yana da dalilin jin haka, kuma ran mutum ya fi itace. Amma akwai abin dubawa. A cikin dajin akwai waɗanda aka sace da ƙauyawan da ba su yi laifin kome ba. Dashen itace iri ɗaya a jere ba ya mayar da dajin da ya ƙunshi ɗaruruwan halittu. Kuma abin da ya mai da dajin maɓoya shi ne rashin hukuma a cikinsa: babu isassun masu gadi, babu hanya, babu shari'ar da za ta raba manomi da makiyayi da adalci. Idan waɗannan ba su gyaru ba, masu laifi za su koma wani dajin, mutanen Birnin Gwari kuma su rasa nasu.

Daji na wane ne? Gandun Kamuku na tarayya ne, sauran gandaye na jiha, amma mutanen ƙauye ne suke kwana kusa da shi. A 1968 Garrett Hardin ya yi bayanin cewa dukiyar da ta zama ta kowa takan lalace, domin kowa yana gaggawar ɗiba kafin wani ya riga shi. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta nuna cewa al'ummomi da yawa sun riƙe dazuzzuka da ruwa shekaru aru-aru idan aka cika wasu sharuɗɗa: iyaka sananniya, dokokin da masu amfani da wurin suka sa hannu wajen yin su, masu sa ido daga cikinsu, hukunci mai hawa daga ƙarami zuwa babba, da wurin sasanta rigima cikin sauƙi. Wannan yana nufin sai an zauna da manomi, makiyayi, mafarauci, matan da ke tsintar kaɗanya da masu sarauta.

Darasi daga Maradi

Misali mafi kusa na daji da ya farfaɗo yana ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maradi a Nijar sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi, itatuwan da ake dasawa kuma yawancinsu suna mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai. Dabarar ita ce a zaɓi kututture, a bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga wuta da dabbobi. Manoma suka kira ta sassabin zamani. Bayan yunwar 1984 ta bazu daga gona zuwa gona, musamman da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina nasu ne. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar a Nijar.

Birnin Gwari ta fi Maradi ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma doka itace ne mai toho daga kututture da saiwa. Abin da ya yiwu a bakin hamada zai fi sauƙi a nan, ba tare da sayen ko dashe ɗaya ba.

Yadda ake nazarin fannin

Mai nazarin ɗorewar muhalli yana haɗa fannoni da yawa. Yana auna fili, ya ƙirga itatuwan ciki, ya gwada kaurinsu, ya dawo bayan shekaru ya sake gwadawa. Yana kwatanta hotunan tauraron ɗan adam, irin na Landsat da ake ɗauka tun 1972 kuma ake samu kyauta a intanet, ya ga inda daji ya ja baya. Yana gwada ruwa da ƙasa don gano guba. Yana ƙirga buhunan gawayi a kasuwa, ya bi kuɗin ya ga hannun da ya fi samu. Yana kuma zama da tsofaffi, domin mafarauci ɗan shekara 70 ya san rafin da dā ba ya ƙafewa da shekarar da ya daina ganin gwanki.

Matashin da ke son wannan ilimi yana da wuraren zuwa: Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka kusa da Kaduna, Kwalejin Gandun Daji ta Jos, Kwalejin Kula da Namun Daji ta New Bussa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Jihar Kaduna, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. Aikin yana da haɗarinsa: a watan Maris na 2021 an sace ɗalibai 39 daga kwalejin Afaka. Duk da haka ƙasar tana bukatar 'ya'yanta da suka san dajin da harshen mutanensa.

Abin da ikilisiya da iyali za su iya yi

Ikilisiya tana da fili, tana da jama'a da ke taruwa kowane mako, tana da zumuntar mata da ta matasa. A ƙasar Habasha, a yankunan da aka share kusan kome, ragowar tsohon daji yana nan ne kewaye da majami'u domin masu bi sun tsare shi. Ga abubuwan da za a iya farawa da su:

A bar ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da gawo a gona, a gwada sassabin zamani a gonar ikilisiya domin mutane su gani da idonsu.

A koya wa juna gina murhu mai tsimin ice. Yana rage kuɗin ice, yana kuma rage hayaƙin da ke cutar da mata da yara.

A yi shingen wuta kewaye da gona da kaka, a daina sa wuta da bazara.

A hana niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, a nisanta yara daga wurin.

A tallafa wa sana'o'in da ke bukatar itace ya rayu, kamar kiwon zuma a akwati, man kaɗe da daddawa.

A haɗa kai da limamai, masu unguwanni, arɗoɗi da ma'aikatan gandun daji, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, rafin da ya ƙafe kuma ba ya tambayar addinin mai ƙishi.

Ɗorawar da muke cin daddawarta yau wani ne ya bar ta a gonarsa sa'ad da yake da ikon sare ta. Yaran da za su yi noma a Birnin Gwari nan da shekara 30 ba su da bakin magana a taronmu na yau. Waɗanda aka ba amana ne za su yi magana a madadinsu, kuma za su ba da lissafin yadda suka riƙe ta.